A yi wa Marie Louise adalci, a duba shekarunta 31 a Parma

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikata kuna lafiya. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan rubutun tarihin Napoliyon sarkin Faransa da kuka kawo mana kwanaki, rubutu ne mai kyau kuma mun ƙaru, to amma akwai layi ɗaya da ya tsaya min a rai, inda marubucin ya ce matar Napoliyon ta biyu ta gudu ta bar shi da ya faɗi, ya kira ta maciya amana, shikenan ya wuce abinsa. Wallahi abin ya dame ni, don wannan mata Marie Louise ta rayu shekara 56, kuma 31 daga ciki ita ce mai mulkin wata ƙaramar ƙasa a arewacin Italiya da ake kira Parma, zamanta da Napoliyon ko shekara huɗu cikakku bai kai ba, amma da shi kaɗai ake auna ta.

A fara da yadda aka yi auren, don a nan gizo ke saƙar. An haife ta ranar 12 ga Disamba 1791 a Biyana, babbar 'yar sarki Francis na Ostiriya ce daga gidan sarautar Habsburg. Marie Antoinette sarauniyar Faransa da aka fille wa kai a Paris a 1793 ƙanwar kakanta ce ta wajen uba, kuma ƙanwar kakarta ce ta wajen uwa, kaga kenan tun tana rarrafe labarin da ake yi a gidansu na Faransawa shi ne sun kashe musu 'yar gida. Tana tasowa kuma ga Napoliyon yana ta lallasa ubanta a fagen yaƙi, a 1805 ya shigo Biyana suka gudu, ya ci su a Austerlitz, a 1809 ya sake shigowa suka sake kwasar kaya suka gudu, ya ci su a Wagram, aka yi yarjejeniya Ostiriya ta rasa yankuna masu yawa ga kuɗin tara. Mahaifiyarta kuma ta rasu tun 1807. Wannan yarinya ba abin da aka koya mata game da mutumin nan sai ƙiyayya da tsoro, sai kawai bayan 'yan watanni da yaƙin ƙarshe aka ce mata ai shi za ta aura.

Shi kuwa Napoliyon magaji yake nema, matarsa ta fari Josephine ba ta haifa masa ba sai ya rabu da ita a ƙarshen 1809, ya fara neman ƙanwar sarkin Rasha Alexander suka yi ta ja masa rai, sai ya juyo Ostiriya. Metternich, wanda shi ne ministan harkokin wajen Ostiriya, ya ga dama ta samu ta a samu 'yan shekaru a huta a sake haɗa soja, don haka aka ba da yarinya. Har ana ruwaito Napoliyon ya ce shi mahaifa yake aura. Ni dai in wannan ba auren dole ba ne to ban san me ake kira auren dole ba, ta ce wa ubanta za ta yi biyayya saboda ƙasa, kuma ta yi. Aka ɗaura aure ranar 11 ga Maris 1810 a wani coci a Biyana ango ba ya nan, wakilin da ya tsaya masa kuwa baffan amarya ne Charles, janar ɗin da ya gwabza da Napoliyon a shekarar da ta gabata. Tana da shekara 18 shi yana da 40. Da aka kai ta bakin iyaka a garin Braunau aka miƙa ta ga Faransawa, aka canza mata sutura zuwa ta Faransa, masu rakiyarta suka juya gida, ƙanwar ango Caroline ta karɓe ta. Aka sake yin biki a farkon Afrilu, na gwamnati a Saint-Cloud, na coci a fadar Louvre.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne zaman bai yi muni ba, Napoliyon ya riƙe ta da kyau yana lallaɓa ta, ita ma ta sake da shi har tana rubuta wa ubanta cewa tana cikin kwanciyar hankali. Ranar 20 ga Maris 1811 ta haifi ɗa namiji bayan naƙuda mai wuya sosai, har likita ya tsorata Napoliyon ya ce masa in ta kai ga zaɓi a ceci uwar. An riga an sanar da mutanen Paris cewa in mace ce za a buga igwa 21 in namiji ne 101, jama'a suka tsaya suna ƙirge, da aka buga ta 22 gari ya ɗauki sowa. Aka ba jariri sarautar Sarkin Rum. To ta cika abin da aka kawo ta ta yi, kuma daga baya har sau biyu mijin ya bar mata riƙon ƙasa yana fagen fama, a 1813 da 1814, duk da dai riƙon na suna ne ya fi yawa, fadawa ke yanke komai.

Yanzu mu zo kan gudun da ake ta faɗa. A watan Agusta 1813 ubanta ya shiga ƙawancen da ke yaƙar mijinta, wato uban da ya ba da ita don a zauna lafiya shi ne ya ɗauko bindiga kan surukin nasa, yarinya 'yar shekara 21 ta rasa inda za ta sa kanta, gaba kura baya sayaki. Ranar 25 ga Janairu 1814 Napoliyon ya fita yaƙi, rabuwarsu kenan har abada. Da sojojin ƙawance suka doso Paris a ƙarshen Maris ita so ta yi ta zauna, kuma da yawa a majalisar fada sun goyi bayan ta zauna, yayan Napoliyon Joseph ne ya fito da wasiƙar da Napoliyon ɗin ya aiko cewa kar a yarda matarsa da ɗansa su faɗa hannun abokan gaba, har ya ce gara masa ya ji ɗan yana cikin kogin Seine. Da umarnin mijin ta bar Paris ranar 29 ga Maris ta nufi Blois. Wannan ne farkon gudun, kuma ba ita ta zaɓa ba. Bayan ya yi murabus a Afrilu aka tura shi tsibirin Elba, wasiƙunta na lokacin sun nuna tana son ta bi shi, sai aka ce ta fara ganin ubanta tukuna, ta je ta gan shi a Rambouillet, daga nan aka lallaɓa ta aka wuce da ita Biyana da yaron wai ta huta.

Kuma abin bai tsaya nan ba, da ta tafi wankan magani a Aix-les-Bains a wannan shekarar sai fadar Ostiriya ta haɗa ta da wani hafsan soja Adam Albert von Neipperg, mai ido ɗaya, ya rasa ɗayan a yaƙi da Faransawa yana ɗaure shi da baƙin ƙyalle, aikinsa shi ne ya tsare ta ya hana ta tunanin Elba. Mutum ne mai iya magana da iya zama da mutane, ya girme ta da shekara 16. Ta kamu da sonsa. Da Napoliyon ya tsero daga Elba ya dawo Paris a Maris 1815 ya yi ta aike ta dawo, ba ta dawo ba. A nan kam ba zan ce tilasta mata aka yi duka ba, zuciyarta ta riga ta juya, amma dan Allah masu cewa maciya amana su gaya min wa ya fara cin amanar wa, uban da ya ba da ita kamar biyan bashi sannan ya turo wanda zai raba ta da mijin, ko mijin da ya saki matarsa ta fari don ya samu haihuwa kuma yana da 'ya'ya a waje, ko ita da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu ba a taɓa tambayarta me take so ba? Faransawa masu ƙaunar Napoliyon su suka fi rubuta tarihin nan, sun samu wadda za su ɗora wa haushinsu sai kowa ya bi yarima a sha kiɗa.

Akwai wurin da ni ma ba zan kare ta ba, shi ne maganar ɗanta, kuma ita ce ta fi yi min ciwo a duk labarin. Taron da manyan ƙasashen Turai suka yi a Biyana a 1815 ya tabbatar mata da mulkin Parma da Piacenza da Guastalla amma iya rayuwarta kawai, ɗanta ba zai gada ba, kuma ba za ta tafi da shi ba don sarakunan Turai na tsoron jinin Napoliyon ya zauna a Italiya. Ta yarda. Ta tafi a 1816 ta bar yaro ɗan shekara biyar a fadar kakansa, aka cire masa sarautarsa, aka mayar da shi Franz, a 1818 aka laƙaba masa sarautar Reichstadt, wani ɗan gari a Bohemia. Zuwanta ganinsa a duk shekarun nan kaɗan ne ƙwarai, a wasu lokutan shekaru ke wucewa. A can Parma kuma ta haifa wa Neipperg yara, Albertine a 1817 da William Albert a 1819, alhali Napoliyon na raye a tsare a tsibirin Saint Helena da aurenta a kansa, aka ɓoye yaran, sai da ya mutu ranar 5 ga Mayu 1821 sannan ta auri Neipperg a asirce bayan 'yan watanni. Wannan laifi ne a addininsu ma, ba sai an yi ta kwana kwana ba. Babban ɗan bai san yana da ƙanne ba sai bayan mutuwar Neipperg a 1829, kuma an ruwaito yana cewa mahaifiyarsa mai kirki ce amma mai rauni, ni a ganina yaron ya fi marubuta da yawa yi mata adalci. Tarin fuka ya kama shi, ta iso fadar Schönbrunn saura kamar wata ɗaya, tana gefensa ya cika ranar 22 ga Yuli 1832 yana da shekara 21. Gawar ma ba a bar ta ta huta ba, a 1940 Hitla ya sa aka kwashe ta zuwa Paris kusa da ta ubansa.

To amma Malam Edita ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ta shiga Parma a Afrilu 1816, mutanen suka mayar da sunanta Maria Luigia, kuma ta iso a mummunar shekara, shekarar da sanyi da ruwa suka lalata amfanin gona a Turai, ga yunwa ga annobar zazzaɓi ta biyo baya, ga ƙasar ta fito daga yaƙe yaƙe aljihu ba komai. A wannan shekarar aka fara gina gada a kan kogin Taro, kogi ne da in ya cika yake raba babbar hanyar Emilia biyu, masu fatauci su tsaya jiran kwale kwale wasu ruwa ya ci su. Injiniya Antonio Cocconcelli ya zana ta, baka 20 gare ta, tsawonta ya wuce rabin kilomita, aka gama a 1821, talakawa suka samu aikin leburanci a lokacin da ba abinci, kuma gadar tana nan tsaye har yau. Aka yi wata a kan kogin Trebbia kusa da Piacenza. Aka yi wa birnin maƙabarta a bayan gari da ake kira Villetta don lafiyar jama'a. Aka buɗe gidan haihuwa inda ake karɓar matan da ba su da gata kuma ana koyar da unguwarzoma, kuma ni ina ganin macen da ta kusa rasa ranta a kan gwiwa ta san abin da take yi da ta sa kuɗi a nan.

A 1820 aka fitar da kundin dokokin ƙasar, wanda ya riƙe abubuwa da yawa masu kyau daga dokokin zamanin Faransa a lokacin da wasu sarakunan Italiya ke ta ƙoƙarin mayar da komai yadda yake kafin juyin juya hali, masana shari'a suna yabonsa har yanzu. Ta sayi tarin tsofaffin rubuce rubucen hannu na Ibraniyanci da malami De Rossi ya tara ta zuba a laburaren Palatina, ta faɗaɗa laburaren, ta tallafa wa makarantar zane da Paolo Toschi ke jagoranta. Sai kuma babban gidan waƙa da wasan kwaikwayo da yanzu ake kira Teatro Regio, Nicola Bettoli ya zana shi aka fara a 1821 aka buɗe a Mayu 1829. Wani zai ce wannan ai kayan shaƙatawar manya ne, eh haka ne, amma su Italiyawa waƙar dandali sana'a ce da abinci ga mutane da yawa, shahararren mai goge Paganini ya yi aiki da makaɗan fadarta, kuma Verdi da duniya ta sani ɗan ƙasarta ne daga wani ƙauye kusa da Busseto, har ya sadaukar mata da ɗaya daga cikin ayyukansa a 1843.

Na san abin da za a ce, ai Neipperg ne ke mulkin ita sa hannu kawai take yi, kuma Biyana ce ke juya su duka. Akwai gaskiya a ciki, Neipperg shi ke riƙe da soja da harkokin waje har ya mutu, kuma sojan Ostiriya na zaune a Piacenza. Amma a duba maƙwabcinta na Modena, Francis na huɗu, shi ma ɗan gidan Habsburg ne, shi ma Biyana ce bayansa, ɗan'uwan matar ubanta ne ma. Shi a 1822 ya sa aka kashe wani limamin coci Giuseppe Andreoli kan shiga ƙungiyar asiri, a 1831 ya rataye Ciro Menotti. Ita kuwa da boren 1831 ya iso Parma, jama'a ba ita suke yi wa ihu ba, wani Werklein da Metternich ya turo bayan Neipperg suke nema ruwa a jallo, har sun so su hana ta fita garin don ta zauna da su. Ta fice zuwa Piacenza, sojan Ostiriya suka zo suka murƙushe boren, wannan kam ya faru ba mai musu, amma da ta dawo afuwa ta yi a wannan shekarar, Werklein kuma bai dawo ba. Gida ɗaya, uban gida ɗaya, lokaci ɗaya, ɗaya ya kafa gungumen rataya ɗaya ta yi afuwa, to ta yaya za a ce halin mai mulki ba shi da tasiri?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar kwalara. Lokacin aurenta birnin Paris ya ba ta kyautar kayan kwalliya na azurfa da aka shafe da zinare, teburi da madubi da kujera da sauransu, manyan maƙeran Faransa suka yi, irin kayan da mace ke ajiye wa jikoki. Da annobar amai da gudawa ta doso Italiya a shekarun 1830 sai ta sa aka narkar da su aka mayar kuɗi don taimakon marasa lafiya, yau sai dai a zane ake ganin yadda suke. Masu son kayan tarihi har yanzu suna jin takaicin wannan, ni kuwa nan ne na ga sarauniya. Da cutar ta shigo Parma a 1836 aka samu wuraren jinya da tallafi ga iyalan da suka rasa masu ciyar da su.

Ba wai komai ya tafi daidai ba, gine ginen sun jawo bashi sai da ministan kuɗi Vincenzo Mistrali ya zo ya ɗaure aljihun gwamnati, kuma mijinta na uku Charles-René de Bombelles, Bafaranshen da Biyana ta turo ya riƙe mata fada ta aure shi a 1834, mutum ne mai tsauri, shekarun ƙarshe an ƙara matsa wa masu neman sauyi, matasa masu son haɗewar Italiya ba su ga dalilin da 'yar Ostiriya za ta mulke su ba kuma suna da hujjarsu. Duk da haka laƙabin da talakawan garin suka ba ta shi ne sarauniya mai kirki, kuma bai goge ba. Har yau in ka ji ana maganar turaren furen biyoleta na Parma to sunanta ake haɗawa da shi don ta so wannan fure sosai, akwai makarantar kwana mai sunanta, akwai gidan tarihi na Glauco Lombardi cike da kayanta da wasiƙunta, mutanen Parma kuma suna kai furanni kabarinta a Biyana. Garin da ya yi zaɓe ya shiga Italiya, garin da Ostiriya ta kasance abokiyar gabarsa, shi ke yi wa 'yar sarkin Ostiriya haka, ai ruwa ba ya tsami banza.

Ta rasu ranar 17 ga Disamba 1847 a Parma bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki, aka kai gawarta Biyana aka ajiye a maƙabartar gidansu da ke ƙarƙashin cocin Capuchin. Kamar yadda aka tsara tun 1817 mulki ya koma hannun gidan sarautar Bourbon, Charles na biyu ya karɓa, cikin 'yan watanni boren 1848 ya kore shi daga garin daga baya ya yi murabus, ɗansa Charles na uku ya hau ya yi mulkin bulala da kurkuku har aka daɓa masa wuƙa a kan titin Parma a 1854 ya mutu, zuwa 1860 kuwa ƙasar ta narke cikin masarautar da ta zama Italiya.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Daga wata mai karanta ku a Zariya